Tambayoyi da amsoshi kan jagoranci da haɗin kan ƙungiyoyin fararen hula a fagen dokokin intanet

Me ake nufi da manufofin intanet, kuma mene ne ruwan ƙungiyoyin fararen hula da su?

Manufofin intanet su ne dokoki da ƙa'idojin da ke tsara abin da mutum zai iya faɗa a Facebook ko WhatsApp, da wanda ke da ikon riƙe bayanansa, da lokacin da hukuma za ta iya sauraren wayarsa ko katse masa layi. A Nijar akwai dokar kare bayanan sirri ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 2017 da ta kafa hukumar kare bayanan sirri ta HAPDP, da dokar yaƙi da laifukan intanet ta Yuli 2019, da dokar 2020 da ta ba da damar sauraren saƙonnin sadarwa saboda dalilan tsaro. Hukumar ARCEP kuma ita ke sa ido kan kamfanonin waya irin su Airtel da Moov Africa da Zamani da Niger Telecoms. A Yamai ake rubuta waɗannan dokoki, amma suna shafar ɗan kasuwar Tawa da ke karɓar kuɗi ta salula, da matar da mijinta yake ci-rani a Abijan tana jiran saƙon muryarsa. Ƙungiyoyin fararen hula su ne ke da damar tsayawa tsakanin mai rubuta doka da wanda dokar za ta hau kansa.

Me ya sa ake nanata batun haɗin kai, alhali kowace ƙungiya tana da nata aikin?

Saboda babu ƙungiya guda da ta haɗa duk abin da wannan fage yake bukata. Ana bukatar lauya da zai karanta sashe bayan sashe, da masanin kwamfuta da zai tabbatar da cewa katse layi aka yi da gangan, da ɗan jarida da zai kai maganar ga jama'a, da ƙungiyar mata ko ta matasa da ta san waɗanda abin ya shafa. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairu 2021, an katse intanet ta salula a Nijar har kimanin kwana 10. A irin wannan yanayi, wanda bai riga ya san lambar ɗan uwansa ba, ko bai taɓa zama da shi a ɗaki ɗaya ba, ba zai iya fara neman sa ba a lokacin da hanyar neman ce aka rufe.

Abin da ya faru a Togo ya nuna amfanin tsayuwa tare. Gwamnatin ƙasar ta katse intanet a Satumba 2017 lokacin zanga-zanga, sai ƙungiyoyi 7 da wata ƴar jarida suka haɗu suka kai ƙara Kotun CEDEAO, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kuma a Yuni 2020 kotun ta yanke cewa an tauye ƴancin faɗar albarkacin baki. A 2022 kotun ta sake yanke irin wannan hukunci kan dakatar da Twitter da Nijeriya ta yi. Tun Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO, saboda haka wannan ƙofa ba ta a buɗe gare mu kamar da, kuma hakan ya ƙara wa aikin cikin gida nauyi.

Wane irin jagora ake bukata?

A ganina wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci. Mun saba ɗaukar jagora a matsayin wanda ya iya magana a gaban ƴan jarida, kuma wannan baiwa ce mai amfani, sai dai a wannan fage ba ta isa ba. Jagoran da ake bukata shi ne wanda zai zauna da rubutun doka har ya gane inda haɗarin yake. Sashe na 31 na dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2019, alal misali, yana hukunta yaɗa bayanan da ka iya tayar da hankalin jama'a, kuma faɗin wannan lafazi ne ya sa masu kare haƙƙin ɗan Adam suka daɗe suna kuka da shi, domin bai fayyace inda suka take ƙarewa laifi ya fara ba. Wanda ya fahimci haka zai iya zuwa gaban hukuma da shawarar gyara a rubuce, cikin ladabi da hujja, kuma irin wannan mutum ake saurara ko da ba a yarda da shi ba.

Tarihin dokar ma darasi ne. A Yuni 2020 an tsare ƴar jarida Samira Sabou a ƙarƙashinta bisa zargin ɓata suna, aka sake ta a ƙarshen Yuli. A 2022 aka gyara dokar aka cire hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet, sannan a Yuni 2024 wata dokar soja ta mayar da ɗaurin. Gyaran da ya tsaya a kan yardar masu mulki kawai yana iya tafiya tare da su. Jagora na gari yana aiki ne don jama'a su san abin da aka samu da dalilin da ya sa yake da daraja, kuma yana horar da wanda zai gaje shi tun yana kan kujera, domin ƙungiyar da komai nata yake cikin wayar shugabanta takan tsaya ranar da ya yi tafiya ko aka tsare shi.

Me ke raba kan ƙungiyoyi?

Mafi yawa kuɗi ne da neman suna. Idan masu ba da tallafi kaɗan ne, ƙungiyoyi sukan ɓoye wa juna labari. Akwai kuma rashin yarda, musamman a lokacin da siyasa ta raba mutane. Maganinsa shi ne a amince da ɗan abin da kowa ya yarda da shi, kamar kare bayanan mutane da hana cin zarafin mata ta intanet, a rubuta wanda zai yi magana da sunan gamayya, a kuma bayyana yadda aka kashe kowane dala.

A ina matashi zai koyi wannan aiki?

Akwai makarantar AfriSIG da ke horar da ƴan Afirka kan tafiyar da intanet tun 2013, da taron DRIF na ƙungiyar Paradigm Initiative, da taron FIFAfrica na ƙungiyar CIPESA ta Yuganda, waɗanda duka biyu kan ƴancin mutane a intanet suke, da gamayyar KeepItOn da ke tattara bayanan katse intanet tun 2016. Yana da kyau kuma ya karanta Yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka ta 2014 kan tsaron intanet da kare bayanan sirri, wadda ta fara aiki a 2023. Sharaɗin da nake ganin ya kamata ƙungiyoyi su gindaya shi ne, duk wanda aka tura waje ya dawo ya zauna da ƴan uwansa ya koyar da su abin da ya samo.

Yaya za a fitar da maganar daga Yamai?

Ta harshen mutane da wuraren zamansu. Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma dokokin da muka ambata da Faransanci aka rubuta su. Ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai za su iya taimaka wa lauyoyi a mayar da muhimman sassan zuwa Hausa da Zarma da Tamashek da Fulfulde, a karanta su a gidajen rediyon karkara, a tura su ta saƙon murya, a tattauna su a fada wajen shan shayi. Matashin da ke tura duk abin da ya shigo wayarsa ya kamata ya san cewa a ƙarƙashin gyaran 2024, yaɗa bayanin da aka ɗauka yana tayar da hankalin jama'a yana iya jawo ɗaurin shekara 2 zuwa 5. Gamayyar da ke son a ji ta a duk ƙasa sai ta ba wakilan Tawa da Maradi da Damagaram da Agadas kujera a wurin yanke shawara, ta kuma riƙa yin wasu tarukanta a garuruwansu.