Ciwon saifa a dokar diyyar ma'aikata ta Birtaniya: me ta ce, me ake ƙara mata?

Tun da aka tabbatar da ɓullar ciwon saifa, wanda likitoci ke kira antiraks, a wata gona da ke Suleja a Yulin 2023, duk maganar da ta taɓa fata ko gashin dabba sai ta tayar da hankali. Cikin abin da ake ji a bakin mutane har da cewa wai Turawan Ingila sun daɗe da sanya cutar a jerin cututtukan sana'a, don haka sun hana aikin ulu da jima, kuma duk wanda ya kamu sai gwamnati ta cika masa aljihu. Sanya ta a jerin gaskiya ne. Sauran kuwa ƙari ne.

Asalin maganar garin Bradford ne, cibiyar masaƙun ulu a arewacin Ingila. A ƙarni na 19 ana shigo da gashin akuyar Angora daga Turkiyya da na alfaka daga Peru, masu tantance ulu su kwance dilolin su ware mai kyau da hannu. Lafiyayyen mutum sai ya koma gida da zazzaɓi da nauyin ƙirji, cikin 'yan kwanaki a yi jana'izarsa. Wajen 1879 wani likitan garin, John Henry Bell, ya nuna cewa wannan "ciwon masu tantance ulu" shi ne ciwon saifar da ke kashe dabbobi. Ƙwayar cutar takan shige wani ɓawo mai tauri ta yi shekaru da dama a raye cikin busasshen jini da gashi, ƙura ta kai ta huhu, ko ta shiga ta wani ɗan rauni a fata.

A 1895 doka ta wajabta wa likita kai rahoton duk ma'aikacin masana'anta da ya kamu. Rahoto dai ba ya ciyar da marayu. Dokar diyya ta 1897 kuwa haɗari kawai ta sani, irin na injin da ya datse hannu. Sai da matar wani mai tantance ulu a kamfanin darduma na Brintons ta bi shari'a har Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, kafin a 1905 aka yarda cewa ƙwayar da ta faɗa wa mijinta a ido haɗari ce. Mace nawa ke da ƙarfin wannan doguwar tafiya?

Dokar diyyar ma'aikata ta 1906 ce ta rufe wannan giɓi. Ta lissafa cututtuka shida: ciwon saifa, gubar dalma, ta zaiba, ta fosfaras, ta asanik, da tsutsar ciki ta masu haƙar ma'adinai. A gefen ciwon saifa aka rubuta aikin da ya shafa: sarrafa ulu, gashi, ƙiraga da fatu.

Sashen da aka fi juya wa ma'ana shi ne na hujja. Dokar ta ce idan mutum yana cikin aikin da aka lissafa a lokacin da ciwon ya kwantar da shi, ko dab da lokacin, za a ɗauka aikin ne ya jawo masa, sai in an tabbatar da akasin haka. Wato nauyin kawo hujja ya tashi daga kan mara lafiya ya koma kan mai masana'anta. Ba a tambayar ma'aikaci dilar da ƙwayar ta fito, ko ranar da ya shaƙe ta, abin da ba wanda zai iya nunawa. Ba a kuma buƙatar ya nuna ubangidansa ya yi sakaci. Wasu na fassara wannan da cewa doka ta ɗora wa mai kamfani laifi. Babu tara ko ɗauri a wannan sashe. Diyya ce, kuma wanda ya ɗauke shi aikin a ƙarshe cikin watanni 12 da suka wuce shi ke biya. Kuɗin ma ba yawa: mara lafiya ba ya samun fiye da rabin albashinsa na mako, kuma ba ya wuce fam 1. Idan ya rasu, iyalan da suka dogara da shi kacokan suna karɓar albashin shekara 3, tsakanin fam 150 da fam 300. Mai karɓo aiki ya yi a gidansa ba ya ciki, alhali ƙurar ba ta tambayar inda aka kwance dila.

Batun hana sana'a kuwa, Birtaniya ba ta taɓa rufe masaƙu saboda wannan ba. Dokar rigakafi ta 1919 ta ba gwamnati ikon tsare kayan da ake zargi, aka buɗe tashar tsabtace ulu a Liverpool a 1921, inda ake wanke shi a jiƙa shi da sinadarin fomalin kafin ya isa hannun ma'aikaci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta sanya cutar a yarjejeniyarta ta 1925 kan diyya.

Yau gwamnati ce ke biya, ƙarƙashin tsarin tallafin naƙasar aiki, kuma ciwon saifa na da lamba B1 a jerin da ƙa'idojin 1985 suka tsara. Ya shafi wanda aikinsa ke haɗa shi da ƙwayar, ko da dabbobin da kan kamu da ita da kayan jikinsu, har da masu lodi da saukale. A nan zancen cika aljihu ke rushewa. Naƙasa ake biya wa, ba kwanciyar asibiti ba. Sai an auna an ga ta kai kashi 14 cikin 100, kuma ba a fara biya sai bayan kwana 90 da somawar ciwon. Nau'in da aka fi samu na fata ne, mai baƙin ɓawon gyambo, wanda maganin kashe ƙwayoyin cuta ke warkarwa in an tare shi da wuri. Mai irin wannan zai iya warkewa ya koma aiki bai karɓi ko sisi ba daga wannan tsari. Mai aikin kansa kuma an bar shi a waje, kuma a ganina wannan ne wurin da dokar ta fi rashin adalci, domin masu ƙaramar sana'ar fata su ne suka fi kusa da ɗanyen kaya.

Jerin bai kuma ce mai ciwon abin gudu ba ne. Cutar ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum kamar mura. Daga dabba da kayanta ake ɗauka.

Duk wannan dokar Birtaniya ce, ba ta aiki a Kano ko Sakkwato. Ma'aikacin kamfanin fata a Najeriya dokar diyyar ma'aikata ta 2010 zai duba, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke gudanarwa, masu ɗaukar aiki na zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya duk wata.