Waiwaye: Yadda Faifan Garmaho Ya Zama Batun Muhalli

Faifan garmahon da kakanninmu suka sani, mai nauyin nan da ke tarwatsewa idan ya faɗi ƙasa, ba da roba aka yi shi ba. Ana haɗa shi ne da shalak, wani irin ƙaro da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin rassan bishiyoyi a Indiya da Tailan, a cuɗa shi da garin dutse. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya toshe hanyar samun wannan ƙaro, har gwamnatin Amurka ta taƙaita amfani da shi a 1942, dole ta sa aka karkata ga roba. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifai mai dogon zango, a 1949 kuma RCA Victor ya biyo da ƙaraminsa, daga nan robar PVC ta zama abin da ake buga kiɗa a kansa.

Robar ta fi ƙaro ƙwari da tsabtar sauti, amma asalinta man fetur ne ko iskar gas, haɗe da sinadarin kulorin da ake cirowa daga gishiri. A tsakiyar aikin haɗa ta akwai wata iska da ake kira binil kulorayid, wadda a 1974 aka gano tana jawo wani nau'in sankarar hanta da ba a cika gani ba, bayan mutuwar wasu ma'aikatan masana'antar B.F. Goodrich da ke Louisville a jihar Kentucky. An kuma daɗe ana zuba dalma a cikin robar domin kada zafi ya lalata ta, sai a ƙarshen 2015 masana'antun Tarayyar Turai suka kammala daina hakan. Iskar binil kulorayid ɗin ce dai aka ƙona a garin East Palestine na jihar Ohio a Fabrairun 2023, bayan jirgin ƙasan da ke ɗauke da ita ya kauce daga layinsa. Faifai ɗan ƙaramin kaso ne na PVC da duniya ke sarrafawa, bututun ruwa da kayan gini sun fi shi nesa ba kusa ba, amma daga tukunya ɗaya aka kwaso su.

Akwai wani abu da ya faru a 1973 wanda har yau yake yi wa gyara tarnaƙi. Da farashin mai ya tashi roba ta yi tsada, sai kamfanoni suka rage kaurin faifai, suka riƙa niƙe waɗanda ba su sayu ba suna sake narka su, wani lokaci har da ɓurɓushin takardar tsakiya a ciki. Masu sauraro suka ji ƙarar ƙas-ƙas a ƙarƙashin allura, suka ɗora laifin a kan robar da aka sake sarrafawa. Daga wannan ƙyama ce aka samu tallan sabuwar roba zalla da faifai mai nauyin giram 180, alhali mai giram 140 yana ɗaukar zanen sauti iri ɗaya, domin zurfin zanen bai dogara da kaurin faifai ba.

Zuwan faifan CD a 1982 ya kusa binne sana'ar, masana'antu suka rufe, aka daina ƙera injunan bugawa. Da kasuwa ta farfaɗo, har a 2022 aka sayar da faifan roba miliyan 41 a Amurka, ya zarce CD a karon farko tun 1987, tsofaffin injunan nan aka kakkaɓe wa ƙura. Aikinsu kuwa mai cin makamashi ne: ana ɗora curin roba mai ɗumi tsakanin farantan ƙarfe biyu masu ɗauke da zanen sauti, tururi daga tukunyar da ke ci da gas ya gasa su, a matse, sannan ruwan sanyi ya ratsa ya daskarar da faifan, a yanke gefen da ya tumbatsa. Cikin kimanin daƙiƙa 30 an gama ɗaya, a sake zafafawa, a sake sanyayawa, haka yini guda.

A 2024 ƙungiyoyin masu sana'ar biyu, Vinyl Alliance da VRMA, suka fitar da lissafin da ya nuna faifai mai giram 140 yana jawo kimanin kilo 1.15 na iskar da ke ɗumama yanayi kafin ya bar masana'anta, kuma kusan rabin wannan daga robar kanta yake. Ke nan maganar ta koma kan abin da ake zubawa a injin.

Hanyoyin da aka bi sun bambanta. Wasu sun riƙe PVC amma sun sauya tushenta, kamar BioVinyl, inda ake maye gurbin man fetur da man girkin da aka gama suya da shi. A nan ya kamata mai saye ya lura, domin a lissafi ake raba wannan kaso, ba lallai faifan da ke hannunsa ya ƙunshi ɗigon man girki ba, kuma kulorin yana nan daram. Wasu sun bar PVC gaba ɗaya: kamfanin Sonopress na Jamus yana zuba narkakkiyar robar PET, irin ta gorar ruwan sha, a cikin mazubi ba tare da tururi ba, kuma da ita ƙungiyar mawaƙa ta Coldplay ta fitar da kundinta na Oktoban 2024, kowane faifai daga gorori 9 da aka sake sarrafawa. Evolution Music na Ingila kuma ya gwada robar da aka samo daga tsirrai a 2022. A ganina hanyar PET ce ta fi taɓa tushen matsalar, sai dai tana buƙatar sababbin injuna, masana'antun da suka zuba jari a na tururi kuwa ba za su yar da su dare ɗaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne al'adar fitar da kundi ɗaya cikin launuka da bango iri-iri domin masoyi guda ya saya sau da yawa, abin da mawaƙiya Billie Eilish ta soka a fili a 2024 ta kira shi almubazzaranci. Duk ragin da aka samu wajen sauya roba yana iya salwanta idan aka buga faifai huɗu a inda ɗaya ya isa, aka kuma ɗora su a jirgin sama domin su riski ranar fitowa. Komawa giram 140, da karɓar robar da aka niƙe daga yankakken gefe, da aika kaya ta jirgin ruwa, duk ba sa jiran wata sabuwar fasaha, kuma masana'antu da dama sun riga sun sa faifan da aka yi da niƙaƙƙiyar roba a jerin abin da mawaƙi zai iya zaɓa.