Kim Woo-choong

Kim Woo-choong (1936–2019) ɗan kasuwa ne daga Koriya ta Kudu wanda ya kafa rukunin kamfanonin Daewoo a 1967. Da sayar da yadi zuwa ƙasashen waje ya fara.

Haɗa motoci

A 1978 Daewoo ya sayi hannun jari a kamfanin Saehan Motor, inda General Motors (GM) na Amurka ke riƙe da rabi, kuma aka sauya masa suna zuwa Daewoo Motor a wajen 1983. Motarsu LeMans a kan tsarin motar Jamus Opel Kadett aka gina ta. Bayan rabuwa da GM a 1992, Kim ya fuskanci ƙasashen da suka fito daga kwaminisanci: ya karɓi masana'antar Craiova a Romaniya da ta FSO a Warsaw, babban birnin Poland, sannan ya buɗe ta Asaka a Uzbekistan a 1996, inda aka riƙa haɗa motocin Tico, Damas da Nexia.

Dabarar ita ce a aiko da mota daga Koriya a wargaje, gangar jiki daban, inji da giya daban, a ɗaure su a can. Harajin kwastan na sassa bai kai na cikakkiyar mota ba, ita kuma gwamnatin ƙasar tana murna da ayyukan yi. Matsalar tana wajen kuɗi: da bashin gajeren zango aka sayi masana'antun, alhali masana'antar mota sai ta yi shekaru kafin ta mayar da jari. Da darajar won, kuɗin Koriya ta Kudu, ta faɗi a 1997, bashin dala ya ninka nauyi, kasuwar Rasha kuma ta durƙushe a 1998.

Siyasa

Ana yawan danganta tashinsa da Shugaban Koriya ta Kudu Park Chung-hee, wanda aka ce ɗalibin mahaifin Kim ne. A 1996 kotu ta same shi da laifin ba wa tsohon Shugaba Roh Tae-woo cin hanci.

Shari'a

Daewoo ya ruguje a 1999, Kim ya bar ƙasar, bai dawo ba sai a Yunin 2005. A 2006 aka yanke masa shekara 10 saboda kumbura lissafin kamfani, karɓar rance da lissafin ƙarya da fitar da kuɗi waje. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa shekara 8 da rabi, Shugaba Roh Moo-hyun kuma ya yi masa afuwa a ƙarshen 2007. GM ne ya sayi babban ɓangaren motocin a 2002.