Tansiyon da ya ƙi jin magani: ko ƙari ne a saman ƙoda?

Mene ne ke saman ƙoda da har zai tada tansiyo?

A kan kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka mai nauyin kusan giram 5, likitocinmu na ce mata surrénale. Ita ke sako sinadarin da ke sa zuciya dukan uku-uku idan mutum ya firgita. Wani lokaci ƙari ya tsiro a cikinta, ya riƙa zuba sinadarin babu dalili. Sunan wannan ƙari feyokuromositom. Ba shi da yawa: mutum 2 zuwa 8 cikin miliyan ke kamuwa a shekara.

Yaya ake gane shi?

Zuwa yake yi ya tafi. Mutum na zaune lafiya, sai ciwon kai mai tsanani, gumi sharkaf, bugun zuciya da tsoro. Bayan ɗan lokaci ya lafa, in an auna tansiyo wani lokaci a tarar ƙalau. Nan ne abin ke damuna, don a gidajenmu na Maradi da wuya ba a ce iska ce ba. A yi ta turare da rubutu shekaru, alhali awon jini ko na fitsarin awa 24, sannan hoton sikana, na iya tona shi.

Akwai wani irin ƙari kuma a wannan tsokar, wanda likita Jerome Conn ya bayyana a 1955. Shi yana tada tansiyo, yakan rage sinadarin fotasiyom da ke cikin jini har jiki ya mutu. Wanda ke shan magani iri uku tansiyo bai sauka ba, ko matashi mai hawan jini, ya nemi a bincika.

Kansa ce?

Galibi a'a, kuma aiki na warkarwa. Sai dai dole a sha maganin shiri na mako ɗaya ko biyu kafin a taɓa feyokuromositom. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu feyokuromositom gado ne, saboda haka a duba ƴan'uwa.

To ƙari mai fitowa a ciki fa?

Akwai wani ƙari daban da likitoci ke kira GIST, wanda ya fi fitowa a tumbi. Shigar ulsa yake yi: ciwon ciki, ƙoshi da wuri, baƙin kashi kamar kwalta, ƙarancin jini. Kyamarar da ake zurawa ta baki da sikana ke nuna shi. Ana cire shi, kuma tun 2002 ake ba da ƙwayar imatinib ga wanda ya yaɗu.

Ina za a nufa?

A fara da likitar unguwa, a karɓi takardar zuwa Hôpital de Référence na Maradi. Idan da buƙata, su tura mutum cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai. A riƙe takardun awon tansiyo da kwalayen magungunan da aka sha.