Wai maganar cin zarafin mata ta 'yan boko ce kawai?

An dade ana fada a zangonnin Accra cewa wannan kukan na cin zarafi harkar matan ofis ne masu Turanci, wai bai shafi talaka ba. Ba laifin mai fada bane, su din ake gani a talabijin.

Amma fa wadda abin yafi ci ita ce marar murya. 'Yar aikin gida, 'yar kayayo mai dakon kaya a ka da ta taho daga arewa tana kwana a bakin shago a kasuwar Agbogbloshie, yarinya mai talla a Nima, in ta bude baki aikin ya tafi kuma wa zai yarda da ita akan mai gida? Maza ma yana samunsu, kunya ke rufe musu baki.

Dokar Ghana ta 2007 kan cin zarafi a cikin gida ta hada har da 'yar aiki, ta kwadago ta 2003 ma ta ambaci cin zarafi a wajen aiki. Ku sa wani ya karanta muku su. In kun je taron wayar da kai kuma ku duba su waye ke magana, da wane yare.

Dan Allah a tura ma 'yan uwa.