Waiwaye: Gadar katakon Luzern da gobarar 1993

A tsakiyar birnin Luzern na ƙasar Suwizalan, daidai inda kogin Reuss yake fita daga tafki, akwai wata gadar katako mai rufi da ake kira Kapellbrücke. Sunan ya samo asali ne daga ƙaramar majami'ar Waliyyi Bitrus da ke bakinta. An gina ta a ƙarni na 14, kuma shekarar da aka fi ambata ita ce 1333.

Asalinta ɓangaren ganuwar gari ce. Luzern ta kewaye kanta da bango ta tudu, amma ta wajen tafki gari a buɗe yake, sai aka toshe wannan kafa da gada. Shi ya sa ba ta miƙe sak ba, ta ratsa kogin a karkace, kuma katangar katakon da ke fuskantar tafki ta fi ta ɗaya gefen tsayi, don masu tsaro su samu mafaka. A tsakiyar ruwa, jingine da ita, akwai hasumiyar dutse mai kusurwa takwas, tsayinta ya haura mita 34. Ta girmi gadar, kuma a zamani daban-daban ta yi aikin kurkuku, baitulmali da ma'ajiyar takardun gari.

Ginin kansa babu wani ɓoye-ɓoye a cikinsa. An kafa turakun itacen oak a ƙasan kogi, aka ɗaure su da gicciyayyun katakai, aka shimfiɗa daɓen katako, sannan aka ɗora jinka. Rufin nan shi ne ran gadar, domin katakon da ruwan sama da ƙanƙara suke duka kai tsaye ba ya daɗewa yake ruɓewa. Duk da haka ba a taɓa barin ta ta huta da gyara ba. Kamar yadda ake yi wa gidan ƙasa yaɓe kafin damina, haka kafintoci suka riƙa cire ruɓaɓɓen katako suna sa sabo, ƙarni bayan ƙarni. A ƙarni na 19 an rage tsawonta lokacin da ake cike bakin kogi, yanzu mita 204 da 'yan kai ce.

Abin da ya bambanta ta da sauran irinta ya zo ne a ƙarni na 17. Magatakardan gari, Renward Cysat, ya tsara a rataya alluna masu kusurwa uku a ƙarƙashin jinkar, mai zane Hans Heinrich Wägmann ya jagoranci aikin. Allunan suna ba da tarihin birnin da na ƙasar, da labarin waliyyan garin biyu, Leodegar da Mauritius. Manyan gidaje ne suka biya kuɗin, kowanne aka sa tambarinsa a allon da ya ɗauki nauyi. Wanda bai iya karatu ba, yana tafiya kasuwa yana ɗaga kai, yana ganin tarihinsa.

Daren 18 ga Agusta 1993 wuta ta tashi. Kafin gari ya waye yawancin gadar ta ƙone, tare da kusan kashi biyu cikin uku na allunan. Hasumiyar ta tsira, haka ma ƙarshen gadar ta gefe biyu. Aikin katako bai ba da wahala ba: ranar 14 ga Afrilu 1994 aka sake buɗe ta, bayan an kashe faran miliyan 3.4 na Suwizalan.

Allunan ne suka zama abin muhawara. Talatin kacal aka iya farfaɗo da su daga cikin waɗanda wutar ta taɓa. Wani lauya ɗan garin, Jost Schumacher, ya biya aka zana kwafin allunan, amma a ƙuri'ar da aka kaɗa a 2014 mutanen Luzern suka ƙi a rataya su. Ni dai ina bayan wannan hukunci, don hannun da ya yi zanen farko ba ya dawowa. A yau mai tsallaka gadar zai ga alluna na asali a farkonta da tsakiyarta da ƙarshenta, tsakaninsu kuma gurabe ne fayau, sai wasu ƙonannun alluna baƙi ƙirin da aka bari a rataye.