Harafin rigar mama ba shi kaɗai ne girmanta ba

Mata da yawa sun ɗauka "C" girma ɗaya ne a kowace rigar mama. Ba haka ba ne. Harafin, wanda ke nuna girman kofi (mazaunin nono), yana tafiya ne da lambar da ke gabansa, wato awon kewayen jiki a ƙasan nono: kofin 34C daidai yake da na 36B da 32D. Kuma 34 ta Ingila ita ce 75 a Jamus, kowane kamfani da irin yankansa.

Don haka ki gwada kafin ki saya. Ki maƙala ta a ƙugiyar da ta fi sako-sako, domin roba tana saki da yawan wanki. Bayanta ya tsaya a miƙe, yatsu biyu kawai su shiga. In yana hawa sama, ta yi miki faɗi: ki sauko lamba ɗaya, ki hau harafi ɗaya, kamar daga 36B zuwa 34C.